Maƙerin da Ba Ya Gaisuwa

Mamanmu da gaisuwa take auna mutum. A Kwandere ta tashi, kuma a wurinta wanda bai tambayi gona da awaki da ciwon gwiwa ba, bai gaisa ba. Shi kuwa wanda nake so in aura, makanikin keke napep a bayan tasha, in ya zo gidanmu "ina wuni, Mama" ɗaya yake yi, ya sunkuyar da kai. Mama ta yanke hukunci: miskili ne, kuma ba za ta ba miskili 'yarta ba. Abin ya dame ni ƙwarai, don ni kam ina son sa.

A lokacin ne ƙanena ya haukace da wani wasa a waya, ya ja ni ciki. Akwai wani maƙeri a wasan, ƙato mai gemu, wanda ake kai wa takobi gyara. Ba ya cewa uffan, sai dai ya yi gyaran murya ya miƙo maka abinka. Ƙanen nawa ya tsinto wani tsari da ke raba halayen mutane da haruffa huɗu, ya dage wai maƙerin nan cikin marasa tausayi yake, ba ruwansa da kowa. Na ce ƙarya ne. Ni kuwa ba na barin musu ya kwana. Muka yi ta yi a tsakar gida da la'asar, Mama na gefe tana ɓare agushi.

"Kun cika mini kunne," in ji ta. "Kawo mutumin in gan shi."

Ƙanena ya tsuguna kusa da ita, ya kai wa maƙerin karyayyen takobi. Mama ta ƙanƙance ido. Maƙerin ya daka, ya tsoma a ruwa, ya miƙo.

"Tsaya. Wa ya ce masa ya naɗe ƙotar da fata?"

"Ba kowa, Mama. Haka gem ɗin yake."

"Sake kai masa."

Ya sake. Wannan karon ta hango maƙerin yana tura wa wani ramammen kare kwanon ruwa da ƙafa, bai ko dube shi ba.

"Haruffan nan naka ba su san mutane ba," ta ce. "Wannan ba miskili ba ne. Irinsu in suna son ka ba sa faɗa. Sai dai ka tashi ka tarar abinka ya gyaru."

Murna ta kama ni. Na ce, "Mama, ƙofar gidan nan da take kuka tun bara, yaushe ta daina?"

Ta ci gaba da ɓare agushinta.

"Injin markaɗenki fa, wa ya tashe shi?"

Ƙanena ya faɗi ƙasa da dariya. Mama ta watsa mini ɓawon agushi, ta ce ni ja'ira ce, na haɗa baki da mutumin cikin waya. Amma ta daɗe tana kallon ƙofar nan.

Da makanikin ya sake zuwa, ya yi "ina wuni, Mama" ɗinsa ya sunkuyar da kai. Sai Mama ta ɗauki gaisuwar gaba ɗaya, tana tambaya tana amsa wa kanta, har da ciwon gwiwar. Ina bayan labule ina cizon mayafi. Da ta gama ta ce, "Ka turo manyanka. Amma kafin ka tafi, duba mini fankar nan."