Marurun Gali

Gali mutumin Ringim ne, shekararsa tara yana jan fatu a wani kamfanin jima da ke Challawa. Ba ya iya zama wuri ɗaya, ko garau-garaunsa na rana a tsaye yake ci.

Da maruru ya fito masa a hannu, sai ya matse shi, ya zura doguwar safar hannu ta roba ya ci gaba da aiki. Safar kuwa ta kowa ce, wanda ya riga zuwa shi ke ɗauka. Cikin mako biyu mutum uku suka kamu, har abokinsa Musbahu ya kwanta da zazzaɓi.

Sista Hansatu, ma'aikaciyar jinyar kamfanin, ta duba hannun ta ce, "Malam Gali, ƙwayar cuta ce a cikin mugunyar nan. Ta safa da tawul da reza take yaɗuwa. Ga magani. Ku rufe ciwon, ku riƙa wanke hannu da sabulu, ku zauna gida kwana biyar."

"Kwana biyar, Sista? In yi yaya da su?"

Zaman ya gagare shi. Ya yi ta kai-kawo a ɗakinsa na Na'ibawa, Musbahu na ransa. Ya tafasa ruwa ya wanke tawul da zanin gado, ya shanya a rana. Ranar da ya koma aiki, ya sa manaja a gaba har sai da aka ba kowa safarsa. Musbahu ya warke bayan mako guda, ya dawo da tabo a damtse.