Ƙwan da aka hana Hajara

A Fagada na tashi, a hannun kakata Inna Tumba. Da damina, bayan sallar isha'i, takan tara mu bakin murhu tana gasa mana masara. A shekarar da nake magana, an kawo mata ƙanwata Hajara yaye, kamar yadda aka saba. Tun da aka cire ta daga nono abincinta kunun gero ne, safe da rana, sai ɗan tuwo da miyar kuka.

Inna na da zabbi, kuma lokacin ƙwansu ne, amma duk kasuwar Jega ake kai shi. Da ta ga idonmu ya kafe a kan ƙwaryar ƙwan, sai ta ce, "Ku ba ni kunnuwanku, ga wata nan tahe."

Labarin wani yaro ne da uwarsa ta ɗanɗana masa ƙwai. Daɗi ya ɗebe shi, ya fara da akurkin gida, ya koma na maƙwabta. Ranar ƙarshe ya zura hannu a rami yana lalube, ashe gamsheƙa ce kwance.

"Kun dai ji abin da ƙwai ka yi ma ɗa," in ji ta. "Ni ba a cewa Tumba ta yi renon ɓarauniya."

Hajara na kan cinyarta, kumatu cike, ƙafafu sun yi suntum. Maƙwabta suna cewa yaye ya karɓe ta, Inna tana jin daɗi. Gashin Hajara ya koma ja kamar gemun masara, ta daina wasa, har kuka ta daina. Ba ta ga yankan gero ba, ta rasu.

Sai da na haifi tawa 'yar, muka kai ta awo a Aliero, na ji malamar asibiti tana cewa gero kaɗai cika ciki yake yi, ba ya gina jikin yaro sai an haɗa da wake, ƙuli-ƙuli, nono ko ƙwai. Ta ce wani kumburin ba ƙiba ba ne, yunwa ce. Na fita na zauna a gindin bango.

Na tafi Fagada raina a ɓace, da niyyar faɗa wa Inna. Na tarar idonta ya tafi. Ta lalubo hannuna ta riƙe.

"Ɗiyar taka, kak ka bari a ba ta ƙwai, ka jiya?"

Tsohuwar nan da ƙauna ta yi abin da ta yi, kuma shi ya fi yi mini ciwo. Na ce, "To, Inna."