Kwalaben Mushe Isufu

Ina cikin aji a Jiratawa, ranar da muka dawo daga yajin aiki, aka leƙo aka ce Mushe Isufu ya rasu a Tsibiri. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na ajiye alli. Ina jin kunyar faɗa, amma kafin in tuna fuskarsa sai da na tuna kwalabensa.

Mushe muke ce wa malamin boko; shi ya koya mini kimiyya a lise, wato babbar sakandare. A Rasha ya yi karatu, kuma lokacin da tashar nukiliya ta fashe can, yana cikin masu auna gubar da ta sauko. Ya dawo Maraɗi da ɗan akwati mai yin ƙas-ƙas idan ya ji ta. Ana nan sai madarar gari mai arha ta cika kasuwa, ba a san asalinta ba. Duk buhun da ya gani sai ya roƙi cokali guda, ya zuba a kwalba, ya manna takarda. 'Yan kasuwa suka laƙaba masa Mai Ɗanɗane. Bai taɓa ramawa ba.

Yakan ce gubar iri biyu ce: "Siziyom mai surutu ne, akwatina na jin shi. Sitironsiyom shi am mugu. Shiru shi ka yi, shi bi madara shi kwanta cikin ƙashi." Auna wannan sai a ɗakin gwajin da babu irinsa a nan. Ya yi ta rubuta wa hukuma wasiƙu a kai kwalaben a auna. Gwamnati ta sauya, ta sake sauyawa, ba amsa.

Ɗiyata Hadiza ta sha madarar nan tana jaririya, da nonon uwarta ya ƙafe. Na kai masa ragowar madarar, akwatin ya ɗan yi ƙara, ya zuba ta a kwalba. Yau shekarunta tara, ƙafafunta na ciwo, likita bai gano komai ba. Kullum na je sai ya nuna mini kwalbarta. "Haƙuri, Sani. Gubar ga ba ta saurin mutuwa. In kwalba na nan, amsa na nan."

Bayan sadakar bakwai na je gidansa. Na tarar an share ɗakinsa, yadda ake yi kafin rabon gado. Na tambayi matarsa, Inna Rabi.

"Kwalaben? Ai tsohuwar madara ce, ɗana, duk ta dunƙule. Munka zubar, munka wanke, a samu na zuba man gyaɗa."

Ga su kife a rana, tas, ba takarda ko ɗaya. Me zan ce wa mai takaba? Na yi mata gaisuwa na fito.

Allah ya jiƙan Mushe Isufu, ya haskaka kabarinsa, ya saka masa da haƙurinsa. Allah ya ba Inna Rabi da 'ya'yansa dangana. Hadiza kuwa, ya Ubangiji, yanzu kai kaɗai ka san abin da ke cikin ƙashinta. Ka sawwaƙe mata.