Fara Ya Fesa

Umma ce ta ɗaga hankicin Baba daga bahon wanki, ta miƙa shi wajen haske, ta ce, "Jiya kuma jar mota aka samu, Malam?"

Baba yana ɗaure igiyar takalmi, bai ɗago ba. "Rabona da ja tun watan jiya," ya ce. "Fara na fesa."

Ina tsaye da kofin shayi a hannu. Na ajiye shi ban kurɓa ba.

Wasa ne da muka taso da shi a gidanmu. Baba fentin mota yake yi, shekara ashirin da shida a rumfa ɗaya mai rufin kwano. Ba ta da taga, ƙofar ma rufe ta yake yi kada ƙura ta ɓata masa aiki. Duk launin da ya fesa, shi ke fitowa a hankicinsa idan ya yi tari. Mu yara mukan yi gasar canka: kore ne, shuɗi ne, ruwan toka ne. Wanda ya ci shi ke shan ragowar madarar Baba, domin masu feshi sun yarda cewa gwangwanin madara bayan aiki yana wanke ƙirji tas. Takunkumin rufe hanci kuwa, cewa yake yi maigidan da ya koya masa aikin ma bai taɓa sawa ba.

Ni na san madara ciki take zuwa, ba huhu ba. A jami'a, kundin kammala digirina a kan kumburi ne: yadda jiki ke yaƙar abin da yake shaƙa kullum, har yaƙin ya koma yana cin jikin da kansa. Na rubuta cewa damuwa da rashin hutu suna ƙara rura wutar, alhali ina ganin Baba yana barin abinci rabi saboda mai mota ya kira sau biyar yana masifa. Shafi saba'in na rubuta, aka yaba mini. Ko layi ɗaya ban kai gida ba. Gaskiyar magana, ba na son a gan ni a rumfar. Ranar da aka yaye mu, ni na raɗa masa ya sa hannunsa a aljihu kafin a ɗauki hoto, saboda fentin da ya kama faratansa. Ya yi murmushi, ya sa.

Da na kai shi asibiti, likitar ta ɗaga hoton ƙirjinsa, ta ce akwai kumburi da ya daɗe, akwai kuma wani tabo da ba ta gamsu da shi ba.

Baba ya duba hannuwansa. "Kumburi, Likita? Ni da wando ke zame mini?"

"Na ciki ne, Baba. Ba a ganinsa."

"Ai ga Dakta nan," ya ce, yana nuna ni. Haka yake kirana tun da na shiga jami'a. "Shi ma abin da ya karanta ke nan. Dakta, gaya mata irin madarar da nake sha."

Ta tambaye ni a kan me na yi bincike. Na faɗa mata. Ta dube ni, ta dubi faratansa, ta ci gaba da rubutu. Da ma zagina ta yi.

Muna zaune a benci muna jiran a sake kiransa, na ce, "Baba, madarar ba ta yin komai. Tun ina aji biyu a jami'a na sani."



"Tun aji biyu," ya ce. "Ashe kana da riƙon sirri." Sai ya dafa gwiwata da hannun nan da na sa ya ɓoye. "Kada ka gaya wa Ummanku. Ita ke sayo mini."

Sun tsakuro ɗan nama daga huhun don gwaji. Farar motar tana rumfa, rabinta ba fenti, mai ita yana ta kira, ni ke ɗaga wayar. Ni ke wanke hankicin yanzu, kafin Umma ta gani.

Sun ce sakamakon zai fito ranar Alhamis. Yau Litinin.