Motar Surukina

Har yau idan na ji ana yabon fentin mota raina ɓaci yake yi. Fenti ne ya cinye mana shanun huɗa.

A shekarun da aka fito daga fari ne, hatsi ya yi wuya, taki sai mai hali. Mahaifinmu ya rasu ya bar mu a gandu ɗaya ni da ƙanena, ni ne babba, ni ke yanke magana. Gonakinmu ƙanana ne kamar na kowa a wajenmu, iyaka na gogar iyaka, babu dajin da za a ƙara sharewa. Abin da ya riƙe gidan shi ne bijimai biyu. Mu huɗe namu, sannan ƙanena ya shiga da su gonakin mutane.

Sai idona ya faɗa kan masu bas da ke jigilar buhunan gyaɗa zuwa kasuwar Ɗambatta. Ana haka ƙanin mahaifin matata, wanda nake kira Baba, ya aiko cewa zai sayar da tsohuwar bas ɗinsa, kuma ya fi son ta zauna a gida. Wai a gida!

Ƙanena bai hana a sayar da bijiman ba. Abu ɗaya ya roƙa, mu ɗauko bakanike ya duba motar tukuna. Na hau shi da faɗa. Mutumin da nake tuɓe takalmi tun daga nesa kafin in gaishe shi, wanda ko ido ba na haɗawa da shi, shi zan kai wa baƙo ya kwanta a ƙarƙashin motarsa, a ƙofar gidansa, jama'a na kallo? Me zan ce wa matata? Ƙanena ya tashi ya tafi.

Da muka isa mun tarar an wanke ta tas, har injin, kuma an riga an tayar da ita tana ta ruri. An juya bayanta an kusan manna shi da danga, inda babu mai ganin abin da salansa ke fitarwa. Ɗan Baba ya ja mu daga ƙofar gida zuwa masallaci ya dawo, a hankali, bai wuce giya ta biyu ba. Ni da idan zan sayi sa sai na buɗe bakinsa na ga haƙora, na ɗaga kofato, na sa an kora shi na ga tafiyarsa, a nan taya kawai na taɓa da ƙafa, na shafa fenti na ce masha Allah.

Washegari ta ƙi tashi sai da maƙwabta suka tura. Ta tashi da shuɗin hayaƙi har mata suka fito suna tari. Direban da muka ɗauka ya ce giya ta uku fita take yi da kanta, birki kuma sai ya taka ya sake takawa. Na ce masa rashin sabo ne. Ba mu daɗe ba, ran wata kasuwa, da lodin gyaɗar mutane, ta yi tururi ta buga wata ƙara ta tsaya.

Bakaniken da na ƙi ɗaukowa shi aka ɗauko. Ya zaro sandar gwada baƙin mai ya nuna mini, ga shi fari-fari kamar koko, ruwa ya daɗe yana shiga cikinsa. Ya ce an zuba mai kauri ne don a ɓoye ƙarar injin. Ya buɗe lagireto ya lakato garin barkono da aka toshe yoyo da shi. Ya ɗaga ledar da aka shimfiɗa a ƙasa, sai ga tsatsa ta cinye ƙarfen, an lulluɓe ramin da gwangwani. Ya ce tsohuwar mota da sanyinta ake zuwa mata, a tayar a gabanka, a hau tudu da ita da kaya. Sannan ya tambaye ni wane marar tsoron Allah ne ya sayar mini. Na ce wani ne.

Na tafi gidan Baba, na shirya maganganu tun a hanya. Na tuɓe takalmi na durƙusa. Ya dube ni ya ce, "Yaya motar taku?"

Na ce, "Alhamdulillahi, Baba."

Wannan kalma ita ke ƙona ni, fiye da cutar da ya yi mini. Ya san abin da ya zuba a lagireto, ya kuma san ba zan iya buɗe baki ba. Shi ya sa ya zaɓe ni.

Ruwa ya sauka babu bijimai, babu mota. Kayan gyara sun yi tsadar da ba a ko tambaya. Ƙanena ya yi huɗa da garmar hannu har bayansa ya riƙe, muka yi latti, geron ya zo ba yadda aka saba ba. Bayan kaka ya same ni a gindin motar, lokacin kaji sun fara ƙwai a kujerar direba, ya ce a raba gandu. Na fara yi masa maganar zumunci da wasiyyar mahaifinmu.

Ya ce, "Yaya, kunyarsa ka ji. Tawa fa?"

Dattawa suka zo suka ja layi a tsakiyar gonar, aka dasa gamba. Gambar tana nan har yau.