Sanyin da ke zuwa baƙunta

Surukata ba ta taɓa gaya mini inda abu yake kai tsaye ba. Daga Bebeji aka kawo ni gidansu a wajen Badafi, farkon shekarun tamanin, da ɗan karatuna na firamare da bakina da ba ya shiru. Sai na tarar da tsohuwar da in ka tambaye ta daddawa sai ta ba ka aiki.

"Ba ta inda hayaƙi yake kaiwa, ba ta inda ɓera yake kaiwa, kuma ba sai kin taka turmi ba."

Shi ke nan, ta ci gaba da kaɗin audugarta. Ga ruwan miya yana tafasa, ni kuma ina tsaye a tsakar gida ina cire wurare ɗaya bayan ɗaya, har in gano ƙwaryar a ragaya bayan ƙofa. Jikokinta kam daɗi suke ji, don haka take ɓoye musu ƙuli-ƙuli da goruba su yini suna nema. Ni haushi kamar ya kashe ni. Na sha yin ƙunƙuni a madafa cewa ni ba aure aka kawo ni ba, jarrabawa aka kawo ni.

Sai ga shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri, dawa ta tsaya ba ta cika ido ba. Da kaka ta yi, Iya, wato surukar tawa, ta bi ɗan abin da aka samu ta zaɓe zangarniyoyi masu kyau, ta sussuke da hannunta, ta ce wannan iri ne. Ba wanda ya ga inda ta kai shi. Da bazara ta yi tsanani, ana kankare gindin rumbu, mijina da ƙanensa sun roƙe ta a ɗan taɓa irin a yi wa yara kunu. Ta ce ita ba ta san zancen ba.

Ana cikin haka 'yarta da ke aure a Doguwa ta haihu, Iya ta tafi zaman jego, can kuma ciwo ya kwantar da ita. Sai ruwan shuka ya sauka. Gari ya waye kowa ya saɓi sungumi, mu muna zaune muna kallon juna. Ba wanda za ka je wa aron iri, kowa nasa da ƙyar zai ishe shi. In danshin nan ya wuce ba mu shuka ba, yunwar da muke ciki sai ta sake kwana da mu wata shekara, kuma ina da goyo.

Mijina ya ba direban motar kasuwa da ke bi ta Tudun Wada saƙo. Amsar ta dawo da baki, kuma Iya ba za ta faɗa wa direba da mota cike da masu jin yunwa inda iri yake ba. Ga abin da ya kawo: "Ta ce a gaya wa amarya. Ba a ɗaki ba, ba a rumbu ba, ba a gona ba. Yana cikin sanyin da ke zuwa mana baƙunta da la'asar, daidai inda ya tsaya."

Ta ce a gaya mini, amma maza suka ga ai aikin haƙa ne. Suka kawar da randuna suka tone gindinsu. Suka tone bakin rijiya. Ƙanen mijina har ya fara zancen fadama, wai can ne sanyi yake. Sai da gidan ya koma kamar gafiya ta yi biki sannan ya zo ya maimaita mini saƙon, yana share gumi.

Ban ɗauki lokaci ba, ba kuma don na fi su kai ba. Mijina shi ne ɗan farin Iya, ba ta faɗin sunansa. Ni ma matarsa ce, ba na faɗa, har yau ba zan rubuta shi ba. To sunan da ake kiransa da shi, shi ne sunan wurin nan da mutum yake fakewa a gindin bishiya in rana ta take. Ni da Iya kullum kauce wa kalmar muke yi. Ita "sanyi" take cewa: kai tabarma sanyi, janye yaron nan cikin sanyi. 'Ya'yanta sun ji haka tun suna goye, amma su da bakinsu yake sake, ba su taɓa lura akwai abin da ake tsallakewa ba.

Mu ba mu da bishiya a gida. Tsamiyar maƙwabta ce a yamma da danga, da la'asar sai sanyinta ya tsallako mana. Baƙon ke nan. Na jira aka yi salla, na nuna inda ya tsaya, aka haƙa har gwiwa. Babu komai.

Mijina ya jefar da fartanya. Ya juya mini baya, da ma ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Na koma gefe idona ya cika, ina jin haushin tsohuwar nan fiye da kullum. A ce mutum yana kwance rai a hannun Allah, amma sai ya yi wasa da cikin jikokinsa.

Ina tsaye ina hararar ramin sai na tuna ba yanzu ta binne shi ba, da kaka ne. Kuma da kaka ba nan muke shimfiɗa tabarma mu ɓare gyaɗa ba, can arewa ne, jikin akurkin kaji, don a lokacin nan ne sanyin yake kaiwa. Na ɗauki fartanyar da kaina. Ban yi nisa ba ta daki wani abu ya ce ƙwas. Tulu ne, an liƙe bakinsa da laka, dawar tana ciki cuɗe da toka, ko ƙwaro ɗaya babu.

"Wai sanyin me take nufi?" in ji mijina.

Na nuna ƙasa da hannu.

Ƙanensa ya gane, ya fashe da dariya. "A'a, matar yaya, faɗi sunan abin mana mu ji."

Na ce ya kiyaye ni ko in rotse shi da tulun. Washegari muka shuka, ƙasa da sauran danshinta.

Iya ba ta samu dawowa ba. Da aka girbe, na surfa sabuwar dawa na niƙa, muka tafi Doguwa na tuƙa mata tuwo da hannuna. Ta rame ƙwarai, ɗakin kuma cike da 'yan dubiya. Loma biyu ta iya ci. Na durƙusa kusa da ita da niyyar in yi godiya, don da ta biye wa roƙon da aka yi mata, da mun shanye shukarmu a kunu. Ina gode mata har gobe, amma ran nan ba ta bar ni na faɗa ba.

"Kin ware iri?"

"Na ware, Iya."

"Kin adana?"

"Na adana. Na sa shi a..."

Ta ɗora busasshen hannunta a bakina.

"Ke, ba kya ganin mutane?"