Arɗon Kaji

A Azarori, ƴan shekaru bayan tafiyar Nasara, in ka ce kana neman Gidaɗo sai a tambaye ka wane Gidaɗon. In ka ce Arɗon Kaji kuwa, har ƙofar gida za a raka ka. Ba wanda ya laƙaba masa sunan nan. Shi ya raɗa wa kansa, wai gara ya riga mutane.

Bafillace ne dogo siriri, wanda a da in garkensa ya gangaro rijiya sai manoma su ja jakunansu gefe. Ciwo ya shiga shanun a damina guda, suka yi ta faɗuwa yana kallo, har ya wayi gari ga igiyar maraƙa, babu maraƙi. Ya shigo gari ya ari gona, ya kama hauya kamar mai riƙe da maciji. Wansa Barmo, da ke kiwo ta wajen Keita, ya sha yi masa tayin habbanaye: ya karɓi karsana ta haifa masa, ya riƙe ƴaƴan ya mai da uwar. Gidaɗo ya ƙi. Ba girman kai ba ne, tsoro ne. Ya sa a ransa hannunsa ya mutu, duk mai numfashin da ya taɓa ba zai yi kwana ba, kuma ba zai kashe wa ɗan'uwansa dabba ba.

Ana nan, matarsa Ramatu ta tafi ganin gida, ta bar masa kaza da ƴan tsakinta. Ya ce mata kada ta bar masa, ta ce wanda ya kora garke har Gobir kaza ba ta gagararsa. Ko mako ba a yi ba shirwa ta kawo sura, ta kuskure, amma ta yage wa ɗan tsako ɗaya fatar kai. Gidaɗo ya dubi hannunsa. Ga shi nan, an fara!

Sai ya yi abin da ya sani. A garke, in maraƙi ya ji ciwo uwarsa ake kai wa, ta lashe shi har ya warke. Ya ɗauki ɗan tsakon ya ajiye gaban kazar, ya ja da baya cikin girmamawa yana jiran ta lasa. Kazar ta karkata kai, ta dubi jan wurin, ta kai masa sara. Sauran ƴan tsakin suka rugo, kowa na neman rabonsa.

"Kai! Kai! Ɗan'uwanku ne, marasa asali!" Yana ihu yana kora su da sanda irin korar shanu.

Inna Cima, tsohuwar da ke maƙwabtaka da shi, ta leƙo ta kan darni. Ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Bahillace, mi kaka yi haka?"

"Inna, uwa tai ni kai ma shi ta lasa."

"Da wane halshe? Kaza in ta ga ja, ba ta san ɗa ba. Raba shi da su. Ka samu baƙin tukunya ka kwaɓa da man shanu ka rufe wurin, kada su ga jini."

Baƙin tukunya ba wuya. Man shanun ne abin kunya. Gidaɗo ɗan Amadu, wanda a da matan garin nan ke layi a rugarsa da ƙoƙo, ya tsaya ya sunkuyar da kai ya roƙi manomiya man shanu. Ta lakato masa a ɗan yatsa. Daga baya in yana ba da labarin yakan ce ran nan ya san duniya ta gama da shi, saura kaji su naɗa shi sarauta.

Ya kife ɗan tsakon a ƙwarya mai huji. Ya riƙa tafiya jeji da hantsi, da malfarsa da sandarsa kamar mai bin sawun garke, alhali gara yake nemo wa ɗan tsakon. Ya daka masa tsakin hatsi, ya ɗiga masa ruwa da kara. In sanyi ya taso sai ya sa shi cikin riga. Kullum da safe yakan daɗe tsaye kafin ya buɗe ƙwaryar, don ba ya son ya ga abin da ya saba gani. Sau ɗaya ya gwada mai da shi cikin ƴan'uwansa, man ya goge, suka sake far masa. Ya koma wurin Inna Cima da ɗan yatsa a miƙe.

Wata ranar da azahar yana zaune yana shafa masa baƙin, sai ya ji sallamar Barmo a ƙofa. Wa zai bari wansa ya same shi yana jinyar ɗan tsako? Kafin ka ce kwabo ya ɗora shi a ka, ya kifa malfa.

To, gaisuwar Filani ba ta da gajarta. Ina gajiya, ina gida, ina mutanen daji. Rana na dukan malfa, man ya narke, baƙi ya fara gangaro wa Gidaɗo ta goshi. Barmo ya gani, ya kau da kai don kunya, ya ci gaba da gaisuwa. Suna tsakiyar "ina ruwa" sai malfar ta ce, "Tsiyu!"

Ta sake cewa, "Tsiyu! Tsiyu!"

Gidaɗo ya cire malfar. "Hamma, ga garken nan. Duka ke nan."

Barmo bai yi dariya ba. Ya karɓi ɗan tsakon, ya juya shi, ya duba ƙafa, ya duba ido, kamar mai tayin bijimi a kasuwar Madawa. Ya goge baƙin da babban yatsa. Ƙarƙashi fata ta haɗe, busasshiya, ba ja ko kaɗan.

"Ya warke," in ji shi. "Wa yay yi jinya tai?"

Gidaɗo ya buɗe baki zai yi ba'ar da ya saba, ba'ar ta ƙi fita. Ya dubi hannuwansa, baƙi ƙirin, suna nason man aro. Hawaye suka taho, suka haɗu da baƙin tukunya, fuskar ta zama abin da ba a faɗi.

"Hamma," ya ce da ƙyar, "karsanar nan da kaka faɗi... tana nan?"

"Waccan ta gaji da jiranka, ta zama saniya. Ɗiyarta ce na ɗaure bakin rijiya. Kowace kaka sai na zo da guda, in koma da abata."

Gidaɗo ya shiga ɗaki ya daɗe yana lalube. Ya fito da tsohuwar igiyar maraƙa a kafaɗa, ya miƙa wa Inna Cima ɗan tsakon ta kan darni, ya ce ta riƙe masa, Arɗo zai je ya dawo.